Hannu Ya Iya Dagi, Baki Ya Iya Zambo

Ba mu gaji fuskar kowa ba. Muhammadu Korau, Wali Ɗan Marina, Ummarun Dallaje, duk mun san sunayensu da ayyukansu, wasu ma mun san kushewarsu, amma babu wani mutumin zamaninsu da ya bar mana zanen hancinsu ko faɗin goshinsu. Mu ma nan ƙasar Ruma, da muka tashi ana ba mu labarin jarumi Ɗanwaire, Gwanki sha bara, da kirari muka san shi. Kowane yaro da irin Ɗanwairen da ke cikin kansa. Nawa dogo ne baƙi mai jajayen idanu, na abokina kuwa gajere ne kakkaura, kuma ba mu taɓa yin musu a kai ba, don babu takardar da za ta raba gardama.

Baƙo zai iya cewa mutanen nan ba su iya zane ba ne. Wanda ya faɗi haka bai taɓa zama kusa da mai zayyana ba. Mahaifina, Allah ya jiƙansa, malamin allo ne, kuma in yaro ya kusa sauka a wajensa ake kawo allon. Sai ya wanke shi, ya shafe shi da farar ƙasa da koko, ya goge har ya yi santsi, sannan ya fere alƙaluman gamba kala-kala, wani mai kaifin baki wani mai faɗi. Baƙar tawada a gida ake haɗa ta da gawayi da ƙaro, ja da ɗorawa da kore kuwa daga kasuwa ake sayo garinsu. Ba shi da abin awo irin na 'yan makarantar boko. Zare ne da tsinke, da su yake fitar da da'ira, ya raba ta gida huɗu, ya raba huɗun takwas, ya cika kowane gida da ɗigo da saƙa, ya bar fili a tsakiya inda Fatiha da farkon Baƙara za su zauna. In ya kuskure layi ɗaya, bai yarda ya rufe shi da kala ba, sai ya kankare. Yakan ce ido ba ya mantuwa, ko mai allon bai gani ba wani zai gani ranar walima.

Hannun nan dai shi ke zana riga. Mutane da yawa sun ɗauka maɗinki ne ke ƙirƙiro aikin da ke ƙirjin babbar riga, alhali sau da yawa wani ne daban, galibi malami, yake fara zana shi da tawada a kan yadin, maɗinki ya bi sawu da allura. Aska biyu, aska takwas, tambari, dagi, kowanne da ƙa'idarsa da inda yake farawa da inda yake komawa. Dagi kuwa shi ne jarrabawa. Layi ne guda da ke shiga ƙarƙashin kansa ya fito ta sama, ya sake nutsewa, har ya dawo inda ya tashi, in ka ɓata tsallake ɗaya duk ƙullin ya kwance. Wani Bature mai suna David Heathcote, da ya koyar a Jami'ar Ahmadu Bello, ya shafe shekaru yana bin irin waɗannan masu zanen riga da hula, har aka baje kolin abin da ya tara a Landan a 1976. Mu da muke kwana da su a gida ɗaya ba mu ɗauke su masu wata fasaha ba, malamai ne kawai da ke neman na cefane.

Haka magina suke yi a fuskar zaure, musamman a Zariya da Kano, inda a tsakiyar ƙarnin da ya wuce har keke da mota da jirgin sama da agogo suka hau bango tare da takobi da dagi. Haka masu zanen ƙwarya suke yi da wuƙa mai zafi, matan Fulanin Rugu su jera su a kan gado. Haka mata suke saƙa faifai da rinanniyar kaba, dukawa su yanka fata ja su ɗora a kan kore. Ka duba duk waɗannan, za ka ga hannu ya kai inda ake kaiwa. Abu ɗaya ne ya kauce wa da gangan, shi ne fuskar ɗan Adam.

Dalilin ba ɓoyayye ba ne. Akwai hadisai masu tsanani a kan masu sura, akwai kuma wanda ke cewa mala'ikun rahama ba su shiga ɗakin da ke da hoto. Sai dai malaman Malikiyya, waɗanda littattafansu muka karanta a zaure, sun rarrabe. Abin da suka haramta kai tsaye shi ne surar mai rai wadda ke da jiki da inuwa, kuma gaɓoɓinta suka cika, wato gunki. Zanen da ke kwance a kan takarda ko bango sun sa shi a babin karhanci ko abin da barinsa ya fi, itace da dutse da gini kuwa babu laifi. Sun kuma yi rangwame ga 'yar tsanar yara mata, saboda abin da aka ruwaito na Nana A'isha. Amma mutumin ƙauye ba ya son tsayawa a bakin rijiya yana auna taku, gara ya yi nesa da ita gaba ɗaya. Saboda haka aka bar wa yara. Mu ne muke zuwa bakin rafi da damina mu gina shanun laka masu tozo da ƙaho, mu yi doki da mahayinsa, mu shanya a rana. Babu wanda ya hana mu, babu kuma wanda ya yaba. Ranar da aka ga ka fara tsayuwa a sahun manya, kai da kanka za ka daina.

To amma fa kada a ce don hannu ya ƙi fuska, Bahaushe ya ƙyale ta. Baki da jiki ya ba aikin. Duk abin da mai zanen barkwanci ke yi yau, na ya kama abu ɗaya a jikin mutum ya kumbura shi har kowa ya gane wa ake nufi, mun yi shi da tsumma da auduga tun ba mu san takarda ba. In azumi ya kai kwana goma sai tashe ya fito. A manna wa yaro gemun auduga, a cusa masa tsumma a ciki ya zama tumbi, a ba shi sanda ya rinƙa tafiya yana rawar jiki, ga tsoho. Wani ya rataya layu da ƙullin saiwoyi, ga Jatau mai magani. Wani a naɗa masa rawanin da ya fi kansa girma, a ba shi buzu da carbi, a tsare shi da tuhumar ya yi rawa yana musu, har kiɗa ya ɗebe shi ya taka a gaban kowa. 'Yan mata su yi Mairama da Daudu, su kwaikwayi zaman aure da duk rigimarsa, iyayensu na bayan ƙofa suna dariya suna jin kunya. A Kano har sarauta aka yi wa abin, Nalako, mai farautar gwauraye.

Na manya ya fi wannan yaji. A fada akwai wasan gauta, inda matan cikin gida ke shiga kayan sarki da na hakimansa, su kwaikwayi tafiyar kowa da tarinsa da yadda yake gyara rawani, masu abin na zaune suna kallo. Da kaka samarin ƙauye su yi kalankuwa, su naɗa nasu sarkin da alƙali da Di'o da ɗan doka, a yi shari'a a ci tara. 'Yan kama su zauna kamar masu wa'azi, da murya da ƙira'a da jan aya, amma duk karatun a kan tuwo da miya da nama yake. Ga zambon makaɗa, ga habaicin kishiyoyi a bakin turmi, ga wasan Bakatsine da Banufe ko na Bafillace da Babarbare, wanda za a gaya wa mutum maganar da in wani ne ya faɗa sai an je gaban alƙali.

Sai dai kowane ɗayansu yana da shinge. Tashe na da watansa, gauta na da ranarta, abokin wasa na da iyakar wanda zai taɓa. Mafi girman shingen kuma shi ne mantuwa. Da an watse, an cire gemun auduga, shi ke nan, babu abin da ya rage da wanda aka yi wa zai riƙe ya kai ƙara. Hakimin da aka kwaikwayi ɗingishinsa ya ga abin da idonsa, ya ji zafi, wataƙila ma ya gyara wani hali, amma gobe ba zai tarar da ɗingishin manne a bangon kasuwa ba. A ganina wannan ne ya sa masu mulkin wancan zamani suka iya haƙuri da abin da na yanzu ba su iyawa. Ba wai sun fi su sanyin zuciya ba ne.

Fuska ta shigo mana ta aljihu kafin ta shigo ta littafi. Kwabo mai huji na zamanin Turawa ba shi da kan kowa, kambi ne da tauraro mai kusurwa shida. Sule kuwa da kan Sarkin Ingila ya zo, kuma ban ji labarin wanda ya ƙi karɓarsa saboda wannan ba, iyaka dai a yi ta tambayar malamai ko ya halatta a yi salla da shi a jiki. Aka daɗe ana wannan tambaya, har 1977 da aka sa Murtala a kan naira ashirin, daga nan ma aka daina kiran kuɗin da sunansa, sai da sunan mai fuskar.

Littafi kuwa daga Zariya ya zo, ko da yake da hannun Katsina a ciki dumu-dumu. Abubakar Imam yana koyarwa a Midil ta Katsina ya rubuta Ruwan Bagaja don gasar da Rupert East ya shirya a 1933, yayansa Bello Kagara kuma ya rubuta Ganɗoki. Daga baya Imam ya je Zariya ya rubuta Magana Jari Ce, sannan a Janairun 1939 aka fara buga Gaskiya Ta Fi Kwabo yana editanta. A 1945 aka kafa Kamfanin Gaskiya a Tukur-Tukur. Waɗannan littattafai da na koyon karatu irin su Ka Koyi Karatu da Ka Ƙara Karatu, da Bala da Babiya na Nuhu Bamalli, da Iliya Ɗan Maiƙarfi na Ahmadu Ingawa, su ne suka fara nuna wa ɗan ƙauye mutum irinsa a kan takarda, da riga da hula da jaki. Ba zan manta yadda muke yi da Magana Jari Ce a aji ba. Littafi ɗaya, kawuna sun fi goma a kansa, kuma ba karatun muke rububi ba, aku muke nema da sarki da mahaya. In malam ya juya baya sai a ɗora farar takarda a kan hoton a bi layin da fensir. Mafi yawan waɗanda na sani da suka iya zanen mutum a tsaranmu, ta wannan satar suka fara.

Shekarun 1950 suka zo da Yaƙi da Jahilci, wanda Ahmadu Kumasi, shi ma Bakatsine, yana cikin jagororinsa. Hukumar NORLA, daga 1954 zuwa 1959, ta yi ta buga ƙananan littattafai da jaridun larduna, Katsina tamu Himma, Kano Sodangi, Sakkwato Zaruma. Takardun tsabta da na noma suka hau bangon asibiti da ofishin hakimi, ga ƙuda an zana shi ya kai girman ɗan tsako don a ji tsoronsa. Amma zanen da ya fi kowane shiga ƙauye na siyasa ne. Mutumin da bai san baƙi ko ɗaya ba ya san fartanyar NPC da tauraron NEPU, a kansu aka yi saki, a kansu aka ɗaure mutane. A 1979 aka dawo da gida da masara na NPN da mabuɗin PRP, a 1993 doki da tsuntsu, daga baya lema da tsintsiya. Kowane zaɓe sai an nemi mai hannu a gari ya hau tsani ya zana su a bango. Ka lura, har a nan ma kaya ne da dabbobi. Fuskar ɗan takara sai da injin buga fosta ya yi arha ta cika gari.

A kudu abin ya riga mu nisa. Tun shekarun 1940 Akinola Lasekan, mutumin Owo, yana zane a jaridar West African Pilot ta Azikiwe da sunan Lash, yana yi wa Turawan mulki da abokan hamayyar Azikiwe ba'a a Legas. Wani abin mamaki, makarantar da ta fi kowace horar da masu zane a ƙasar nan a ƙofar gidanmu take. A 1955 aka dawo da sashen zane daga Ibadan zuwa kwalejin Zariya wadda ta zama Jami'ar Ahmadu Bello a 1962, kuma a 1958 ɗalibanta suka kafa ƙungiyar da ta yi suna, su Uche Okeke da Demas Nwoko da Bruce Onobrakpeya da Yusuf Grillo. Kiran da suke yi shi ne kowa ya koma ga zanen gidansu ya haɗa da abin da ya koya wajen Bature. Okeke ya koma ga zanen uli na matan Ibo. Karanta sunayen nan ka gani, kusan duk baƙi ne a Zazzau. Suna zaune tsakiyar zayyana da dagi da aska takwas, 'ya'yan masu zayyanar kuwa an tura su karatun alƙalanci da aikin En'e, don wane uba ne zai ce ɗansa ya tafi jami'a koyon zane?

Ni ta ƙofar koyarwa na shiga. Da aka buɗe shirin ilimin firamare na bai-ɗaya, UPE, a 1976 aka kwashe mu aka cika kwalejojin horon malamai, kuma a can ba ka tsira sai ka iya yin kayan koyarwa da hannunka. Kwali da tawadar kala da reza, ka zana sassan jikin fara, ka zana zuciya da huhu, ka zana A da akuya, B da bante ko bokiti. A makarantun da na koyar tsakanin Batsari da Safana da ƙauyukan Runka, allon bango da alli su ne littafin yara da yawa. Na ga abin da zane ke yi. Ka yi ta bayanin yadda kurkunu ke shiga jiki daga ruwan tafki, yara na hamma. Ka zana mutum da ƙafa kumburarriya yana ɗaga ta sama, bakinsa a wage, sai aji ya fashe da dariya, gobe kuma ka ji suna faɗa wa iyayensu a tace ruwa. Akwai dattijon da ya taɓa zuwa har makaranta ya ce in daina koya wa ɗansa yin gumaka. Muka zauna a inuwa, na kawo masa abin da Malikiyya suka ce, ya ce ya ji, amma dai in rinƙa jan layi a wuyan duk mutumin da na zana don kada ya cika. Na ce to. Shekara guda mutanen allona duk da yankakken wuya suka yi ta yawo.

A daidai wannan zamani sana'ar fenta ta yi kasuwa. Su ne masu rubuta allon shago, su zana kawuna huɗu a ƙofar mai aski kowanne da irin askinsa, su zana kwalbar magani a kemis, kofi mai tururi a teburin mai shayi. Bayan manyan motocin katako da ke zuwa ɗaukar rogo da dankali ranar Alhamis, ranar kasuwar Batsari, nan ne ɗakin baje kolinmu: zaki ya danne barewa, ɗan kaboyi da bindiga biyu, Bruce Lee ya ɗaga ƙafa, mikiya ta sure maciji, a ƙasa kuma a rubuta wata magana a kan haƙuri ko mahassada. Da littattafan soyayya suka ɓarke a Kano wajen ƙarshen shekarun 1980, zamanin su Balaraba Ramat Yakubu da Ado Ahmad Gidan Dabino, bangonsu ma da hannu ake zanawa, budurwa da hawaye, saurayi da mota. Sai kwamfuta ta zo, CorelDraw da injin buga leda suka share wannan duka cikin 'yan shekaru. Fentan da na sani a garinmu yanzu lambar gida yake rubutawa da sunan makaranta a bango, in an samu.

A Fabrairun 2006 zanen ɓatancin da wata jaridar Denmak ta yi wa Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya jawo tarzoma a Maiduguri aka rasa rayuka, Katsina ma ba ta kwana lafiya ba. A Janairun 2015 irin haka ta faru a Damagaram saboda wata jaridar Faransa. Mutane da yawa a ƙauyukanmu a lokacin ne suka fara jin cewa akwai wata sana'a ta zanen ba'a a jarida, kuma da mummunar fuska suka fara ganinta. Wannan tabo bai gama gogewa ba.

Duk da haka yau akwai ɗan Arewa da ake jiran zanensa kamar labaran ƙarfe bakwai. Mustapha Bulama na Daily Trust ya zana mu yadda muke, da hularmu da rawaninmu, ya zana 'yan bindiga da masu sulhu da su da gwamnonin da ke kallo. A 2020, a bikin 'yar shugaban ƙasa na lokacin, ya zana uwar amarya tana nuna wa talakawan da ruwa ke ci hotunan biki, abin ya zagaya wayoyi har ofishinta ya fito ya ce ba a yi mata adalci ba. Da a wasan gauta aka yi wannan, da an yi dariya an tashi. Takarda ce ba ta tashi. Faransawa sun san haka tun 1832, da suka ɗaure Honoré Daumier wata shida saboda ya zana sarkinsu Louis-Philippe da ƙaton ciki yana haɗiye dukiyar talakawa.

Abin da ya sa na bi wannan dogon sawu shi ne ɗan ƙanwata, wanda ke karatun zane da tsara hoto a wata kwaleji a Katsina. Ya zo hutu da aikin da aka ba su: labari cikin gida shida, a kan wata matsala ta garinsu, magana kaɗan, zane ya yi bayani. Kafin labarin ma sai ya zana jarumin ta gaba da ta gefe da ta baya, ya nuna shi yana dariya da fushi da tsoro da mamaki, don kada kamanninsa su sauya daga gida zuwa gida. Da fensir zai fara, ya bi da tawada, ya ɗauka da waya, ya sa kala a kwamfutar makaranta. Ya shimfiɗa mini takardun a tabarma ya ce, "Kawu, ku duba mini, malaminmu ya ce mutanena ba su yi kama da mutanen ko'ina ba."

Malamin ya yi gaskiya. Yaron a intanet ya koyi zane, wajen Amurkawa da Japanawa, sai ga ɗan kasuwar Batsari da idanu kamar faranti da haɓa mai tsini, an ɗora masa hula kawai. Babu bidiyon da zai koya maka yadda babbar riga ke taruwa a kafaɗa in mutum ya naɗe hannunta zai ci abinci, ko yadda take buɗewa in ya fusata ya miƙe. Babu mai nuna maka bambancin zaman hula a kan ango da zamanta a kan wanda ake bi bashi. Yaya za ka nuna basarake ya ji haushi, alhali amawali ya rufe bakin, sai ido da yatsan da ke kaɗawa? Yaya za ka nuna yarinya na dariya a cikin hijabi ta juya baya? Na ce masa ya ajiye waya ya tafi kasuwa ranar Alhamis ya zauna kusa da masu awo, ya kalli yadda mutum ke tsugunawa gaisuwa da yadda yake tsugunawa ciniki, don ba ɗaya ba ne. Na kuma ɗauko masa tsohuwar rigar kakansa ya ga yadda aska takwas ke kwanciya a ƙirji. Layi uku ko huɗu sun isa a gane ta, in ka san inda take farawa.

Sai maganar matsalar da zai zana. Duk wanda aka ce ya faɗi matsalar Batsari ya san amsa. Mun ga harin 'yan bindiga a Tsauwa da Dankar a Fabrairun 2020, mun ga watannin da aka rufe layukan waya a 2021 har sai mutum ya yi tafiya kafin ya gaisa da ɗansa, mun ga 'yan gudun hijira a azuzuwan da na koyar. Ya gwada. Abin da ya fito a takardar shi ne mutum siriri da malfa da sanda a kafaɗa da bindiga, irin wanda jaridun Legas suka saba zanawa. Na tambaye shi, "Wannan wane ne?" Ya ce ɗan bindiga. Na ce a'a, wannan mai kawo wa uwarka nono ne, shi ma an kore masa shanu, bindigar kawai ka ƙara masa. Zanen barkwanci da gajerar hanya yake aiki, alama ɗaya ta tsaya a madadin mutum dubu, shi ya sa in alamar ta karkace zaluncinta ya fi na dogon rubutu. Masu ba 'yan daji labari da masu sayar musu da mai da masu cin riba a kuɗin fansa ba su da malfa, rigarsu irin tamu ce. Ya yi shiru, ya ce in ya zana waɗannan kuma ba zai kwana a gida ba. Wannan ma gaskiya ne, ban ce masa ya yi jarumtar da ni ban yi ba.

Ya koma kan dillalan rogo, yadda manomi ke shan wahalar shekara wani ya ci rabin ribar a tsaye cikin sa'a guda. Ya je kasuwar, ya dawo da zane mai rai ƙwarai, har ya yi rai da yawa. Uwarsa na gani ta kama baki ta ambaci sunan mutumin, ga wushiryar, ga karkatacciyar hular, ga yadda yake soka carbi a aljihun gaba. Ta ce, "Wallahi ba da ni ba. Matarsa ƙawata ce, gobe a gan shi a WhatsApp a ce ɗana ne." Ya ce ai aikin makaranta ne, malami kaɗai zai gani. Ta ce abin da ya shiga waya ya fita hannun mai shi.

Mafitar da ya samu tsohuwa ce, ta tatsuniya. Ya cire mutumin ya sa Gizo. Kowa ya san halin Gizo da tsamin bakinsa da yadda yake yi wa Ƙoƙi da kura da zaki, amma babu wanda zai ce ga kamanninsa, don shi ma da baki aka gada, saboda haka babu mai cewa an zana mijin ƙawarsa. Ya sa masa babbar riga mai aska biyu, ya bar masa karkatacciyar hular, ya huda wa rigar hannuwa shida. A gida na biyar, inda ciniki ya faɗa, hannu biyu na karɓar la'ada wajen manomi, biyu na karɓa wajen mai mota ta bayan riga, ɗaya na jan carbi, ɗaya riƙe da waya a kunne yana rantsuwa cewa kasuwa ta faɗi. Ƙafafu biyun da suka rage ya sa musu takalmin gudu. Malaminsa ya ba shi maki mai kyau, ya rubuta a gefe cewa kalar rogon ta yi kama da doya, a gyara.